Digiri Na Uku A Kan Gudu: Masu Auna Man Da Jikin Ɗan Tsere Ke Sha

 

Kwanakin baya wani malaminmu ya shigo aji riƙe da takarda, ya ce kafin a fara darasi zai karanta mana wata sanarwa. Wata jami'a ce a Turai take neman ɗalibin da zai yi digiri na uku. Za a biya masa kuɗin makaranta, a riƙa ba shi alawus duk wata har tsawon shekara uku. Aikinsa shi ne ya inganta yadda ake auna ƙarfin da masu gudun dogon zango da masu tseren keke ke kashewa, da kuma nawa ne daga cikin ƙarfin yake zama tafiya. Aji ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, yanzu gudun ma sai an yi masa digirin digirgir?" Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye muku ba.

Malam ya bari muka gama, sannan ya ce, "To, a cikinku wa ya cika sharuɗɗan?" Ya karanto su ɗaya bayan ɗaya: sanin yadda jikin mutum ke aiki, lissafi mai ƙarfi, ilimin ƙididdiga, iya aiki da na'urorin ɗakin gwaji, da iya rubuta rahoto da Turanci. Sai aji ya yi tsit.

Abin ya tuna mini da yadda muka ɗauki darasin motsa jiki a sakandare. Lokacin hutu ne a wurinmu, kuma duk wanda ya ce zai karanci fannin wasanni a jami'a sai a ce ya rasa gurbi ne a wani wuri. Tun daga ranar na shiga karance-karance a kan batun, kuma abin da na samo nake so mu tattauna yau, domin sharuɗɗan nan da suka sa muka yi shiru, a ajin da kuke zaune yanzu ake fara tara su.

Babur biyu, lita ɗaya

Ku tambayi duk wani mai babur ko mai Adaidaita Sahu, zai gaya muku girman inji daban, shan mai daban. Babur biyu za su iya zama da inji iri ɗaya, a zuba wa kowanne lita ɗaya, ɗaya ya mutu a hanya, ɗayan ya kai gida har da saura. Jikin mutum ma haka yake. Abinci ne mansa, kuma kamar yadda wuta ba ta ci sai da iska, jiki ba ya ƙona abincin ya fitar da ƙarfi na dogon lokaci sai da iskar oksijin da huhu ke shaƙa.

Masana sun daɗe da cewa abubuwa uku ne ke raba masu gudun fanfalaki, wato tseren nan na kilomita 42 da mita 195. Na farko shi ne girman inji: iyakar oksijin ɗin da jiki zai iya sha a minti ɗaya idan an ƙure shi, wanda a littattafai za ku ga an rubuta VO2max. Na biyu shi ne kashi nawa na wannan iyakar mutum zai iya riƙewa na tsawon awa biyu ba tare da ya sare ba. Na uku shi ne tsimin ƙarfi: oksijin nawa jikinsa ke sha kafin ya ci kilomita ɗaya. A 1991 wani likita ɗan Amurka mai suna Michael Joyner ya haɗa mafi kyawun adadin da aka taɓa gani na waɗannan abubuwa uku, ya buga lissafi, ya ce mutum zai iya gama gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 57 da daƙiƙa 58. A lokacin babu wanda ya taɓa sauka ƙasa da awa 2 da minti 6. Ranar 12 ga Oktoba, 2019, Eliud Kipchoge na Kenya ya yi shi cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna, duk da cewa gudun na musamman ne da aka shirya masa, don haka ba a sa shi cikin kundin bajintar gasa ba.

Abu na ukun nan, tsimin ƙarfi, shi ne sanarwar da malaminmu ya karanta take magana a kai.

Yadda ake aunawa

Babu mitar da za a maƙala wa tsoka ta nuna man da take sha, don haka sai aka bi ta hanci da baki. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. Wadda muke fitarwa idan muna zaune tana da kusan kashi 16. Abin da ya ɓace a tsakani, jiki ne ya sha. Idan ka san yawan iskar da mutum ya fitar a minti ɗaya, ka kuma san oksijin ɗin da ya rage a cikinta, to ka san abin da ya ƙona. Kowace lita ɗaya ta oksijin tana ba jiki ƙarfin da ya kai kusan jul 21,000. Jul ɗin nan dai shi ne wanda kuke haɗuwa da shi a darasin fiziks.

Dabarar ta haura shekara 100. A 1911 wani masani a Oxford mai suna C. G. Douglas ya fito da wata ƙatuwar jaka da ake tara numfashin mutum a ciki, har yau kuma da sunansa ake kiran ta. A. V. Hill, Baturen Ingila da ya sami kyautar Nobel ta 1922 kan binciken zafin da tsoka ke fitarwa, da kansa ya riƙa gudu da irin jakar a bayansa yana tara numfashinsa. Shi da abokin aikinsa Hartley Lupton ne suka bayyana a 1923 cewa shan oksijin yana da iyakar da ba ya wucewa komai ƙarin saurin mutum.

A yau ɗan wasa yakan hau injin gudu, wanda bel ɗinsa ke tafiya a ƙarƙashin ƙafa, ko kuma keken da aka kafe wuri ɗaya. Sai a sa masa takunkumi mai bututu da ke haɗe da kwamfuta, tana lissafa kowane numfashi. Zai yi kamar minti biyar a kan sauri ɗaya har numfashinsa ya daidaita, a ɗauki adadin mintunan ƙarshe, sannan a ƙara sauri. Tsakanin zango da zango ana tsaga ɗan yatsa ko fatar kunne a ɗebi ɗigon jini, a duba wani sinadari da ake kira laktet, wanda yawansa ke nuna aikin ya fara fin ƙarfin oksijin.

Mu buga lissafin tare

A ce mai keke yana fitar da wat 200. Wat ɗaya jul ɗaya ne a daƙiƙa, don haka a minti ɗaya ya yi aikin jul 12,000. Na'ura ta nuna yana shan lita 3 ta oksijin a minti, wato ya ƙona jul 63,000. Raba 12,000 da 63,000, za ka sami kusan kashi 19 cikin 100. Ragowar kashi 81 zafi suka zama, shi ya sa gumi ke karyo wa mai motsa jiki. Yawancin masu keke suna faɗawa ne tsakanin kashi 18 zuwa 25.

A gudu lissafin ya ɗan bambanta. Mai gudu a shimfiɗaɗɗen fili ba feda yake takawa ba, babu inda za a karanta wat ɗinsa kai tsaye. Saboda haka sai a auna mililita nawa ta oksijin kowane kilo na jikinsa ke sha a kilomita ɗaya. Wanda ya horu sosai yakan sha wajen 200.

Ku ɗauki 'yan tsere biyu masu inji iri ɗaya, kowannensu zai iya riƙe shan mililita 60 a kowane kilo a minti har ƙarshen tsere. Na farko yana buƙatar 200 kafin ya ci kilomita. Raba 200 da 60, kilomita ɗaya za ta ɗauke shi minti 3 da daƙiƙa 20. Na biyu 180 yake buƙata, shi minti 3 cif. Idan aka ninka da tsawon gudun fanfalaki, na farko zai gama cikin kusan awa 2 da minti 21, na biyu kusan awa 2 da minti 7. Tazarar minti 14 ke nan, alhali zuciyarsu da huhunsu ƙarfi ɗaya ne. A gasar duniya, na biyun yana cikin masu neman lambar yabo, na farkon kuwa kafin ya iso an gama ɗaukar hoto.

Abin da aka gani a jikin zakaru

Paula Radcliffe 'yar Ingila ta yi gudun fanfalaki na Landan a 2003 cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, bajintar da ta shekara 16 babu macen da ta karya. Wani masani mai suna Andrew Jones, wanda yanzu farfesa ne a Jami'ar Exeter, ya riƙa auna ta tun tana budurwa 'yar ƙasa da shekara 20. Rahotonsa ya nuna cewa daga 1992 zuwa 2003 girman injinta bai canja sosai ba, yana nan wajen mililita 70. Abin da ya canja shi ne shan mai: daga wajen 205 a kilomita ya sauko zuwa wajen 175, ragin kusan kashi 15 cikin 100. Shekara goma sha ɗaya na horo ne suka koya wa jikinta tsimi.

Zersenay Tadese na Eritiriya kuwa, da masu bincike a Sifen suka auna shi, sun sami 150, ɗaya daga cikin adadi mafi ƙanƙanta da aka taɓa wallafawa. A 2010 ya kafa bajintar duniya ta rabin gudun fanfalaki a Lisbon, minti 58 da daƙiƙa 23. Tun a shekarun 1990 ma, Bengt Saltin da abokan aikinsa sun kwatanta 'yan tseren Kenya da na arewacin Turai, suka ga na Kenya sun fi tsimin ƙarfi. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne sirantar ƙwauri. Nauyin da ke can ƙarshen ƙafa ya fi cin ƙarfi, domin a kowane taku sai an wurga shi gaba an kuma tsayar da shi. Akwai kuma agara, jijiyar nan ta bayan diddige, wadda ke miƙewa kamar roba idan ƙafa ta sauka, ta mayar da wani ɓangare na ƙarfin idan za a tashi.

Daga nan ne masu takalma suka shigo. An daɗe da sanin cewa ƙarin giram 100 a kowane takalmi yana ƙara shan oksijin da kusan kashi 1 cikin 100. A 2017 masu bincike a Jami'ar Colorado ta Amurka suka gwada wani sabon takalmin kamfanin Nike mai soso na musamman da faranti mai tauri a tafinsa. Sun sa 'yan tsere 18 gudu da shi da kuma wasu takalman gasa guda biyu, suka ga yana rage ƙarfin da ake kashewa da kusan kashi 4 cikin 100. Har adadin ya shiga sunan takalmin, Vaporfly 4%. Bajintoci suka fara zubewa, gardama ta tashi, sai da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma kada ya wuce ɗaya. Ku lura, awon da aka yi a ɗakin gwaji ne ya kai ga sauya dokar wasa a duniya baki ɗaya.

Me ya rage a bincika?

Mai karatu zai ce, tunda an shekara 100 ana awon nan, me kuma sabon ɗalibi zai ƙara? Ga kaɗan daga cikin matsalolin da ake ba masu digiri na biyu da na uku.

Ta farko, ko kana kwance jikinka yana ƙona mai don zuciya ta buga, huhu ya yi aiki. Wasu masana suna cire wannan kafin su raba, wasu ba sa cirewa. Mutum ɗaya a rana ɗaya zai iya fitowa da adadi biyu mabambanta, ya danganta da hanyar da aka bi.

Ta biyu, man jiki iri biyu ne. Lita ɗaya ta oksijin da ta ƙona kitse tana ba da wajen jul 19,600, wadda ta ƙona sukari kuwa wajen 21,100. Wanda ya ƙirga oksijin kawai bai duba irin man da ake ƙonawa ba, zai iya yin kuskure. Shi ya sa ake auna iskar kabon da mutum ke fitarwa ita ma, domin ita ke nuna wane mai ne ke ci.

Ta uku, idan sauri ya yi yawa, tsoka tana samo wani ɓangare na ƙarfinta ta hanyar da ba ta buƙatar oksijin nan take. Takunkumi ba ya ganin wannan ɓangaren, ga shi kuwa a irin wannan saurin ake yin tsere da yawa.

Ta huɗu, yawanci ana auna ɗan wasa ne da sabon jini, bayan ya huta. Amma ana cin gudun fanfalaki ne bayan kilomita 30, lokacin da ƙafa ta yi nauyi. Tsimin ƙarfi yana lalacewa da gajiya, kuma na wani ya fi na wani saurin lalacewa. A 'yan shekarun nan Farfesa Jones da wasu masana suna cewa wannan juriyar ita ce abu na huɗu da ya kamata a ƙara a kan ukun Joyner.

Ta biyar, ɗakin gwaji ba titi ba ne. A kan injin gudu babu iskar da ke tura mutum baya, shi ya sa tun 1996 aka ba da shawarar a ɗan ɗaga gaban injin da kashi 1 cikin 100 don a cike gurbin. Zafin rana kuma wani abu ne daban. A gasar duniya ta 2019 a Doha, sai wajen tsakar dare aka fara gudun fanfalaki na mata saboda zafi, duk da haka 28 daga cikin 68 ba su iya ƙarasawa ba.

Ta shida, yawancin waɗanda aka auna maza ne. Wani nazari da ya duba binciken kimiyyar wasanni daga 2014 zuwa 2020 ya gano cewa mata kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na mutanen da aka yi gwaji da su. Ƙannena mata, wannan gurbi ne da ke jiran ku.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai matsalar na'urar kanta. Idan bambancin da kake nema kashi 1 ko 2 ne cikin 100, kuma awon mutum ɗaya yana iya sauyawa da kusan haka daga yau zuwa gobe, ta yaya za ka tabbatar abin da ka gani gaskiya ne? Dole a saita na'ura kafin kowane gwaji, a sa ɗan wasa ya zo a lokaci ɗaya, da takalmi ɗaya, bayan cin abinci iri ɗaya, a maimaita, sannan a yi ƙididdiga. Rabin aikin mai bincike haƙuri ne.

Tulu a ka

Akwai binciken da ya fi burge ni, domin abu ne da kowannenmu ke gani kullum. A 1986 Farfesa Geoffrey Maloiy na Jami'ar Nairobi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa matan ƙabilun Luo da Kikuyu na Kenya masu ɗaukar kaya da ka. Sun ga matan suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da shan oksijin ɗinsu ya ƙaru ba. Wato mace mai kilo 60 ta ɗauki kilo 12 kamar a kyauta. Daga baya wasu masu bincike suka auna mata a Afirka ta Kudu, ba su sami wannan rangwamen a jikin kowa ba, gardamar ta sake buɗewa.

Yarinyar da ke ɗauko tulu daga rijiya, da mai turin kurar ruwa, da manomin da ke taka keke da buhu a baya, duk tambaya ɗaya ce da ta Kipchoge: ƙarfi nawa aka kashe, nawa ya zama tafiya? Har asibiti awon ya shiga. Da irin takunkumin nan likitoci ke gwada masu ciwon zuciya da na huhu, da shi ake duba ko jikin mutum zai ɗauki babbar tiyata, da shi kuma ake kwatanta ƙafafun roba don a ga wadda ba ta gajiyar da mai ita.

A nan gida ma akwai abin dubawa. Tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ne ke yawan lashe shi, haka ma tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo. Garin Iten na Kenya, inda zakaru da yawa ke horo, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400. Mu ma muna da tsaunukan Filato, inda da yawa daga cikin masu dogon gudunmu suka fito, muna kuma da Mambila a Jihar Taraba. Mai horarwa zai iya cewa yaro yana da baiwa, amma sai mai awo ne zai faɗi ko injinsa ne babba ko tsiminsa ne mai kyau, da kuma wanne ya kamata a gyara.

Hanyar zuwa can

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Matakin farko shi ne kiredit a lissafi, Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks a WAEC ko NECO. Kun ga dai lissafin da muka yi a sama bai wuce ninkawa da rabawa da kaso cikin ɗari ba.

Mataki na biyu, digiri na farko. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano da Jami'ar Ibadan suna da sassan koyar da ilimin motsa jiki da lafiya. Amma ƙofar ba ɗaya ba ce. Wanda ya karanci ilimin aikin sassan jiki, ko gashin ƙashi, ko injiniyanci, ko ƙididdiga, ko kwamfuta, duk ana neman sa, domin wani ne zai ƙera na'urar, wani ya rubuta manhajar, wani ya tace alƙaluman. Yawancin guraben tallafi suna neman sakamakon 2.1 ko sama da haka, kuma suna duba aikin binciken da ɗalibi ya yi a shekarar ƙarshe.

Mataki na uku, digiri na biyu, shekara ɗaya zuwa biyu, sannan na uku, wanda a Birtaniya yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. Daga cikin wuraren da suka yi suna a fannin akwai Loughborough da Exeter a Ingila, Jami'ar Wasanni ta Cologne a Jamus, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Trondheim a Norwe, da Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu. A ƙasashe irin su Norwe da Holan, mai digiri na uku ma'aikaci ne da ake biya albashi. Akwai kuma tallafin karatu na Commonwealth, da DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai.

Ba zan yaudare ku ba, guraben kaɗan ne, masu nema kuma daga ko'ina suke a duniya. Wasu guraben na Birtaniya kuɗin makarantar ɗan ƙasa kawai suke biya, baƙo sai ya nemi cikon, don haka a karanta sanarwa har ƙarshe. Sau da yawa ana buƙatar jarrabawar Turanci irin IELTS. Sannan duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku tallafin karatu, ku kama kanku. Ana nema ne kai tsaye a shafin jami'ar ko na hukumar da ke ba da tallafin.

Aikin wannan mako

Ba ku da takunkumi da kwamfuta, amma kuna da agogo da yatsu biyu. Bugun zuciya yana hawa ne tare da shan oksijin, don haka zai iya zama ma'auninku, ko da yake bai kai na'ura daidaito ba.

Ku sami izinin malamin motsa jiki, ku auna wani zagaye a filin makaranta. Da sanyin safiya, ɗayanku ya yi tafiya ta minti biyar a kan sauri ɗaya, wani yana riƙe da agogo don kowane zagaye ya ɗauki lokaci ɗaya. Yana tsayawa a ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, a ƙirga bugun daƙiƙa 15, a ninka da 4. Ya huta minti goma, ya maimaita da jakar littattafai mai kilo 4 ko 5 a baya. Ya sake hutawa, ya maimaita da jakar a ka. Ku yi haka kwana uku, kuna sauya wanda za a fara da shi, ku rubuta komai a tebur. Za ku ga adadin jiya bai zo daidai da na yau ba. Ku zauna ku yi gardamar dalili: barci ne, ko karin kumallo, ko zafin rana, ko mai ƙirgar ne ya yi kuskure? Wannan gardamar ita ce ainihin aikin da ake biyan mai digiri na uku ya yi.

Mai sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, kada ya ɗauki kayan. Ya riƙe agogo da biro, domin a ɗakin gwaji ma mai riƙe da biron shi ne mai binciken.

Ku aiko mana da teburin sakamakonku ta hannun editan wannan shafi, da sunan makarantarku da ajinku. Za mu zaɓi wasu mu duba su tare. Ni kuma na koma wurin malaminmu na karɓi kwafin sanarwar nan, na liƙa a bangon ɗakina, na ja layi a ƙarƙashin ƙididdiga, domin a nan nake da rauni.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.